Zakaran da Aka Mayar Mikiya

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Da bakina na ci kasuwa, da bakina na aurar da 'ya'ya, da bakin nan na yi ta shiga Gwanzu ina fita ban san ko harafi ɗaya na mutanen Chana ba. Wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ja kunnen mai rubutun kada a gyara mini kalma ko ɗaya. Na ga abin da gyaran kalma yake jawowa.

Autana ne ya buɗe mini hanyar Chana. A cikin 'ya'yana shi kaɗai ya yi karatu mai nisa. Rasha ya tafi, ya yi shekaru yana koyon injuna, ya dawo da takarda da harshen mutanen, aiki kuwa babu. Da ma ba injin ne a ransa ba. Tun yana ƙarami soja yake so, irin na ubansa, wanda ya sa kaki har ya tsufa bai wuce kofur ba. Igiya biyu a hannun riga, da su aka sallame shi, da su ya mutu. Auta ya rantse sai ya ɗora daga inda uban ya tsaya. Ya je neman shiga, aka jingina shi da sandar awo, aka ce tsayinsa bai kai ba. Tsayina ya ɗauko. Ya dawo ya zauna a zaure kamar wanda aka yi wa rasuwa, kuma ni uwarsa na san akwai abin da bai tashi daga zauren nan ba ko da shi ya tashi.

Daga baya wani ɗan unguwarmu ya ja shi Gwanzu, ya zama tafinta, yana raka 'yan kasuwa. Matarsa da 'ya'yansa mata ya bar mini su a Kano. Ni kuma da ma dogayen riguna da mayafai nake sayarwa, sai na fara zuwa ina zaɓo kayana da idona. A ɗakinsa nake sauka, a Fanyu, can gefen gari inda haya take da sauƙi, dogon bene ne, ƙasansa duk masu injuna. Da safe mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mu yi ta tafiya har gwiwa ta sage, mu ɓullo mu taka zuwa titin Gwanyuwan, ko mu shiga kasuwar Kanan inda mutanenmu suka fi yawa. A Kanan na yi ƙawa, wata 'yar Maraɗi, tsohuwa kamata, bakinta ba ya hutawa. Abin da muka iya na harshen garin bai cika cokali ba: lawban, wato mai wuri, shiyeshiye, wato na gode, sai meyo, wato babu. Da su muke ciniki, sauran kuma yatsa ne da harara.

Zuwan da zan ba da labarinsa lokacin ruwa ne, garin ya yi zafin nan mai danshi wanda wanki ba ya bushewa. Na tarar Auta ya samu sabon aiki. A ƙasan benensu akwai wata mata mai injunan surfani, tana ɗinka bajo, ɗan ƙyallen nan da ake liƙawa a kafaɗar riga ko a goshin hula. Tana da samfura rututu da Turanci, duk maganar soja ce: kwamanda, jarumi, na gaba-gaba, wanda ya fi kowa. Sai ga wani Baturen Rasha mai sarin rigunan sanyi masu dabbare-dabbare irin na kaki, ya ce su yake so amma da harshen garinsu. Ita ba ta jin Rashanci, shi kuma Turancinsa bai kai ya sayi burodi ba. Auta ya shiga tsakani.

Bayan la'asar sai ya baje a tabarma da waya a hannu, ya faɗi kalmar Turanci, ya faɗi ta Rasha, ya sake faɗa, kamar mace tana ɗanɗana gishirin miya. Ni ina gefe ina ware kayan da na saro.

"Kamandir," in ji shi.

"Kyandir kuma? A garin da ba a ɗauke wuta?"

"Hajiya, kwamanda ke nan. Mai ba da umarni."

"To su ce kwamanda mana, wa ya hana su. Sai me?"

"Atilishna."

"Atishawa ka yi, ka ce alhamdu lillahi."

Ya yi dariya har wayar ta suɓuce masa. Ya ce ma'anarta abu ya yi kyau ya ƙare, ba abin da za a ƙara. Malami yakan rubuta wa ɗalibi, hafsa yakan faɗa wa sojansa.

"An taɓa faɗa maka?"

"A makaranta, ba iyaka."

"A nan fa?"

Ya koma kan wayarsa.

Akwai wata da yake faɗa a hankali, giroi. Ya ce jarumi ke nan, amma ba a ba kowa ita. Ya ce a garuruwansu akwai manyan duwatsu da aka sassaƙa sunayen mutane, ita ce ake sawa a can sama. Na ce sunayen masu rai? Ya ce, "Hajiya, ke kam," ya wuce ta gaba.

Wata rana ya yi suɓul da baka ya ce su Rasha suna da kalma daban ga mai ba da umarni, daban ga mai jan runduna gaba ɗaya, daban ga wanda ya ƙware, mu kuwa Hausa komai shugaba ne. Na ajiye mayafin da ke hannuna. Na ce wace Hausar, taku ta 'yan boko? Na jero masa jagora, na jero barde, na jero sarkin yaƙi, gwarzo, sadauki, namijin duniya, na faɗa masa wanda ake ce wa mai shiga gaba da wanda ake ce wa mai tsare baya in an juya. Ya zauna yana kallona baki sake, kamar lokacin da nake yi musu tatsuniya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na lura da wani abu. In yana faɗar kalmomin nan, na Rasha ko namu, bayansa yakan miƙe. Ba faɗar mai fassara yake yi musu ba. Gwada su yake yi a jikinsa, kamar mai gwada riga a gaban madubi.

Ranar da aka gama ɗinkin farko, lawban ɗin, matar nan mai surfani, ta kira mu shan shayi a cikin rumfar injunan. Na tafi da ƙawata 'yar Maraɗi. A nan na fara ganin Baturen. Ƙato ne, jajawur, amma hannuwansa ƙanana ne masu laushi, irin na wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi waya nauyi ba. Ya dafa ƙirji ya ce mini Mama. Ya yi ta magana Auta yana juya mini, wai bai taɓa samun tafinta kamar ɗana ba, wai kalmomin da ya zaɓa ko tsohon hafsa sai haka. Daga nan ya tambaya, mu a harshenmu yaya muke kiran namijin da ya fi kowa.

Ƙawata ta ce, "Shi ke nan, an taɓo 'yar Kano inda take so. Lawban, ƙaro ruwan zafi, yau ba mai tashi."

Na ce, "Ke dai ki saurara ki kai wa mutanen Maraɗi tsaraba."

Na gyara zama na yi wa ɗana kirari a gaban Bature da 'yar Chana, injuna suna ta sukuwa a bayanmu. Na kira ubansa, na kira kakansa, ina faɗa yana juyawa, kunnensa har rawa yake don kunya da daɗi. Na rufe da abin da kowace uwa take rufewa da shi. Na ce zakaran gwajin dafi.

Auta ya tsaya. Baturen yana jira. Sai Auta ya faɗi wata 'yar gajeriyar kalma, Baturen ya daki tebur har kofuna suka yi tsalle, ya yi ta maimaita ta yana nuna ɗana da yatsa.

Da muna hawa bene na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce mikiya."

"Ni zakara na ce."

"Hajiya, a wurinsu in ka ce wa namiji zakara, ka yi masa zagin da ba ya wankuwa. Mikiya ce tsuntsun yabo."

"Dafin fa?"

"Na bar shi. Ba shi da wurin zama. Haka ake fassara, ba kalma ake ɗauka ba, nufi ake ɗauka."

Ban ja ba. Aikinsa ne, kuma ranar cikina fari ne.

Ba a daɗe ba Baturen ya sa aka ɗinka bajo na musamman, mikiya ta buɗe fukafukai, da rubutunsu a ƙasa. Aka liƙa a wata rigar sanyi, ya ba Auta da hannunsa. Duk rigunan da yake sara manya ne, na ƙattin garinsu, amma wannan ta zauna wa ɗana daidai, hannu daidai, kafaɗa daidai, kamar an auna. An auna ɗin ne. A zafin nan na Gwanzu da mutum yake jiƙewa yana zaune, na kama Auta ya sa ta a ɗaki yana tsaye gaban taga.

Ana gab da komawata, ranar wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya zauna a gabana, ya naɗe ƙafa, zaman da yaro yake yi in ya riga ya yanke shawara. Ya ce Baturen ya yi masa hanya. A yaƙin da suke yi can, sun ɗebi baƙi daga ƙasashe da yawa, masu jin Turanci, hafsoshin kuwa Rashanci kawai suke ji. Ana neman mai tsayawa tsakani. Ya ce ba bindiga zai riƙe ba, baki ne kawai a ofis, aikin da yake yi a nan. Za a ba shi kaki, za a ba shi muƙami. Sai ya sauke murya ya ce, "Kuma ba wanda ya tambayi tsayina."

Na ce, "Auta, ka san mene ne zakaran gwajin dafi?"

"Gwani ke nan. Wanda ya fi kowa."

Sai na ba shi labarin da ban taɓa ba shi ba, don ban taɓa ganin dalili ba. Ubana maharbi ne. In zai haɗa dafin kibiya, bayan gari yake fita da tukunyarsa, ya dafa kwankwani da abubuwan da ba ya faɗa, mata ba sa zuwa kusa. Ni kuwa da rashin ji nakan bi shi in laɓe a cikin dawa. In dafi ya yi kauri, ba ya yarda da shi sai ya gwada. Sai ya aika a kamo zakara. Ba kowane zakara ba. Ba ya karɓar mai mura, ba ya karɓar rago, don rago ko ƙaya ta soke shi zai faɗi, ba za a gane komai ba. Wanda ya fi kowa a gidan ake kamowa, ja, mai tsayin wuya, wanda yake tashin unguwa da asuba. Baba yakan shafa bayansa, ya yaba shi, ya ce kai, wannan namiji ne. Sannan ya ɗan karce shi da bakin kibiya a cinya, ya sake shi. Zakaran yakan yi taku kamar ba abin da ya faru, har ya ɗaga wuya zai yi cara. Baba yana tsugune yana kallo. In ya faɗi da wuri, dafi ya yi. Ba a ma cin namansa, rami ake yi masa.

Na ce, "Wanda aka yaba ɗin nan, shi aka zaɓa. Kai ka cire dafin daga maganata, amma yana nan a tukunya."

Ya yi murmushi, ya ce, "Hajiya, wannan zamanin kakanni ne. Yanzu ba mai nufin haka. Ko a rediyo ɗan ƙwallo ake faɗa wa. Ke ma da kika faɗa ranar ba haka kike nufi ba."

Gaskiyarsa, ba haka nake nufi ba. Na ce ban amince ba. Ya durƙusa ya kama ƙafata, ya ce in sa masa albarka. Na ce 'ya'yanka fa? Ya ce don su zai je, don a daina ce wa ubansu ɗan rakiyar masu sari. Na ja ƙafata. Ban tsine ba, Allah ya kiyaye, amma je ka ɗin da yake nema ban faɗa ba. Shi ya kai ni filin jirgi, shi ya ɗaura mini kaya, ya yi ta ba ni dariya a hanya yana kwaikwayon yadda 'yar Maraɗi take ciniki. Ban daɗe da sauka Kano ba ya kira ni daga wani wuri da nake jin iska tana kaɗa wayar.

Akwai masu cewa ni na zuga shi da kirari. Har a cikin dangi akwai. Su je su faɗa wa wanda zai saurara. Kowace uwa tana yi wa ɗanta kirari, ba kowane ɗa ne ake ɗinka wa riga daidai kafaɗa ba. Ni na ba da magana cikakkiya, da zakaranta da dafinta. Ba ni na rage ta ba.

Da farko yana kira. Na ce yaya aikin? Ya ce ana yi. Na ce waɗanne kalmomi kake juyawa, kyandir da atishawa? Ya yi 'yar dariya, ya ce a'a, yanzu dai kwanta ne, da tashi, da gudu, da tsaya a nan. Na ce manyan fa? Ya ce ba a fara raba su ba tukuna. Wani kiran na ji ƙara a bayansa, na ce ba ka ce ofis ba? Ya ce, "Hajiya, tafinta ai dole ya tsaya inda masu jin maganar suke." Daga nan kiran ya yi ta nisa da juna, har ya ɗauke.

Matarsa ba ta cika magana ba. Sai dai in na idar da salla in tarar da ita a bakin ƙofa tana kallon wayata.

Wata rana da hantsi saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba. Namiji ne, Rashanci zalla, murya a daidaice kamar mai karanta sanarwa. Na saurara har na haddace faɗuwarta da tashinta. A duk maganar abin da na gane shi ne abin da Auta ya koya mini a tabarmar Fanyu. Na ji kamandir. Na ji atilishna. Can wajen ƙarshe na ji giroi. Aka kira lambar ba ta shiga. Mai juya mini Rashanci a duniya mutum ɗaya ne, kuma a kansa ake maganar.

Ban ba kowa ya ji ba a Kano, matarsa kaɗai na faɗa wa cewa saƙo ya zo. Na ce inda aka ɗinka abin, can za a warware mini. Lokacin sari ya zagayo na koma Gwanzu. Ɗakin Fanyu an ba wasu, takalman da ke ƙofar ba nasa ba ne. Na sauka ƙasa wurin lawban, tare da ƙawata da wani dillali Bakano, magidanci, mai jin Turanci da ɗan harshen garin. Injunan suna nan suna sukuwa. Mikiya ce a kan kowanne, layi-layi, da rubutun da ɗana ya zaɓa. Na tambayi Baturen. Ta ce meyo. Kaya dai ana aikowa a ɗinka, amma shi meyo.

Na miƙa wayata. Ta kara ta a jikin tata, tata ta saurara ta rubuta mata da harshensu. Ina kallon fuskarta tana karantawa. Ta kai wani wuri ta tsaya, ta koma baya ta sake bi. Sannan ta danna aka mayar Turanci, ta miƙa wa dillali, ita kuma ta tashi ta zuba shayi ta kawo mini da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Duk zuwan da nake yi ba ta taɓa ba ni da hannu biyu ba.

Dillalin ya karanta, ya share gumi, ya ce, "Hajiya, wai daga wurin kwamandansu ne. Wai ɗanki ya yi aiki mai kyau ƙwarai, ba abin da za a ƙara. Wai jarumi ne, suna alfahari da shi."

"Yana ina?"

"To, Hajiya, kin san fassarar wayar nan ba ta kawo komai daidai."

"Na ce yana ina."

"Bai fito sosai ba. Sai an samu wanda ya iya harshen."

Ƙawata, wadda ba a taɓa yin magana ta rasa abin sakawa ba, ta kama gefen mayafinta tana murzawa.

Na dubi dillalin. Mutumin kirki ne, da 'ya'yansa, ba ya so a ce daga bakinsa ta fito. Na gane aikin da yake yi, a gabana aka taɓa yin irinsa a rumfar nan. Na ce, "Alhaji, kai ma mikiya ka ba ni." Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Na shanye shayin don kada in wulaƙanta matar, na ce shiyeshiye, muka fito.

Washegari na shiga Kanan don kaya ba sa sayen kansu. A layin kayan yara na ga rigunan, ƙanana, masu dabbaren kaki, da mikiya a kafaɗa. Wasu samarin 'yan kasuwa daga gida suna ɗiba, ɗaya yana cewa wannan za ta tafi da salla, yara suna son kayan soja. Ya ce mini, "Hajiya, ba za ki saka ko kaɗan ba?" Na ce ka san abin da aka rubuta? Ya ce oho, ai ado ne.

Ina tsaye a bakin titi, masu turin kaya suna ta ratsa ni, wayata ta yi ƙara. Matar Auta ce. Ta gaishe ni, ta tambayi hanya, ta tambayi ƙafata, ta ce yara suna gaishe ni. Ina jin numfashinta.

"Hajiya, an samu wanda ya fassara?"

Malamai za su ce a jira, a nemi shaida kafin a fara takaba, kuma za a jira, wannan nasu ne. Dillali ya ce bai fito sosai ba. Ni kuwa na yi shekaru ina zuwa gidajen mutane, na san lokacin da ake jera wa uwa kyawawan halayen ɗanta ba ta tambaya ba, na san abin da yake sa a kawo wa tsohuwa kofi da hannu biyu.

Na ce, "An samu. Ni na fassara."

"Me suka ce?"

Na ce, "Sai haƙuri, 'yar nan."